Babi na Shida: Jirgin da Bai Zo Kanya Ba

Da zarar an yanke dawa an kai ta rumbu, karan da ya rage a gona ya zama rabon yara. A Kanya, cikin ƙaramar hukumar Danko/Wasagu ta masarautar Zuru, kamar yadda yake a sauran garuruwan noma, lokacin nan ne ake ganin yara sun yi da'ira a gindin bishiya, kowa da guntun reza da tarin kara a gabansa.

Aikin yana da ƙa'ida. Yaro zai zaɓi busasshen kara wanda ƙwari ba su huda ba, ya sa haƙori ya ɓare bawon, ya tsaga shi siri-siri kamar tsinken tsintsiya. Farin cikin nan mai laushi shi yake yankawa gunduwa-gunduwa. Tsinken bawon shi ne ƙusarsa, shi ne ƙarfensa: ya soka nan, ya soka can, sai ga bodin mota ya tashi, har da ƙofa mai buɗewa da wurin zaman ɗan kamasho. Taya kuwa daga sakaina ake feƙe ta, ko a yanko daga tsohon silifa. Bawon kara yana da kaifi, kuma da wuya a gama mota ɗaya jini bai fito a yatsa ba. Idan motar ta kammala, sai a koma kan hanya. A share ƙasa da tafin hannu, a yi kwana, a haƙa ɗan rami a ɗora gada, a kwaɓa laka a jera rumbuna da ɗakuna a gefe. Kafin gari ya waye akuya ta bi ta kai, ko iskar hunturu ta watsar da komai. Da hantsi sai a sake sabo, kuma yawanci na yau ya fi na jiya kyau.

Yaro abin da idonsa ya gani yake ƙerawa: tirela, tifa, a-kori-kura, babur. Jirgin ƙasa kuwa bai taɓa ratsa ƙasar Zuru ba. Dogon da Turawa suka shimfiɗa daga Baro ya isa Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙarasa ko Sakkwato ba. Na Nguru ya kammala a 1930, na Maiduguri sai 1964. Jihar Kebbi, tun da aka ƙirƙire ta a 1991, ba ta da tashar jirgin ƙasa. Ɗan Zuru da ya shiga soja, kuma ƙasar ta yi suna wajen ba da sojoji, sai ya gangara ta Kontagora zuwa Zungeru ko Minna, ko ya nausa Kaduna, kafin ya ji kukan jirgi da kunnensa.

Amma abin da yaran nan suke yi a gindin bishiya, akwai ƙasashen da dattawa masu furfura suke ƙarar da shekara ashirin ko talatin suna yin irinsa, a ɗaki na musamman, da jirgin ƙasa ƙarami mai tafiya da lantarki. Suna shimfiɗa dogo a kan tebur, su gina tasha da gada da tsauni da gonaki, su dasa itatuwa, su kunna fitilun gari. Bayan wasu shekaru su rushe su sake.

Sana'ar ta samo tushe a Jamus. Kamfanin Märklin na garin Göppingen, wanda aka kafa a 1859, shi ne ya kai wani sabon abu kasuwar baje koli ta Leipzig a 1891: jirgi mai wani kamar agogo, da dogo gunduwa-gunduwa da ake haɗawa a kuma kwance, duk faɗinsu ɗaya. Wannan dabara ce ta mayar da abin wasan yini ɗaya ya zama aikin shekaru, domin wanda ya sayi kan jirgi bana zai iya ƙara tarago baɗi, kuma zai hau dogon ba gardama. Kamfanin Lionel ya biyo baya a Amurka a 1900, Frank Hornby na Liverpool ya fito da nasa jiragen a 1920. Sannu a hankali aka daidaita ma'auni. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, inda ake raba kowane tsawo gida 87 a ɗauki ɗaya, tsakanin ƙarfen dogo biyu kuma milimita 16.5. Ingila ta riƙe nata, OO, kashi ɗaya cikin 76. Akwai N, ɗaya cikin 160, akwai kuma Z da Märklin ya fitar a 1972, ɗaya cikin 220, wanda kan jirginsa bai fi ɗan yatsa ba.

Lissafin nan shi ne ƙashin bayan aikin. A ma'aunin HO, mutum mai matsakaicin tsawo santimita biyu ne. Raƙumi bai kai tsawon tsinken ashana ba. Kilomita ɗaya ta hanya kuwa tana cin mita goma sha ɗaya da rabi. Wato wanda ya ce sai ya kwaikwayi layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, mai tsawon kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, ba tare da ya rage komai ba, tebur mai tsawon fiye da kilomita biyu yake bukata. Don haka dole a zaɓa. Tasha ɗaya, gada ɗaya, ƙauye ɗaya, sannan dutse ko kurmi da jirgi zai shige bayansa ya ɓace wa ido, mai kallo ya ɗauka ya yi nisa. Gwanintar tana cikin sanin abin da za a bari.

Wanda ya fi kowa nuna abin da ake nufi da gini da sake gini shi ne John Allen, mai ɗaukar hoto a garin Monterey na jihar Kalifoniya. A wajen 1947 ya fara da ɗan tebur da bai kai mita biyu da rabi ba, ya raɗa wa layinsa suna Gorre & Daphetid. Ya faɗaɗa shi ya zama na biyu. Da ya sauya gida a farkon shekarun 1950, sai ya haƙe ƙarƙashin sabon gidan ya fara na uku, ya kuma ɗauko ɗan teburin farko ya dasa shi a tsakiya, bai yar ba. Tsaunukansa daga daɓen ɗaki suke tashi har kusa da rufi, mutum ya shiga tsakaninsu kamar yana cikin kwazazzabo. Ya ɓoye madubai a lungu-lungu don titi ya yi kamar ya miƙe ba iyaka. Shi ne kuma ya yaɗa al'adar tsufar da kaya: tarago sabo fil daga kwali, sai ya shafa masa tsatsa da baƙin hayaƙi da ƙura, domin a duniyar gaske babu jirgin da yake aiki yana ƙyalli. Shekara kusan ashirin yana kan na ukun, bai kai ga haɗa ƙarshen babban layin ba ya rasu, a watan Janairun 1973. Kwana goma bayan rasuwarsa gobara ta tashi daga na'urar ɗumama ɗakin, ta cinye kusan komai. Hotunan da ya ɗauka da hannunsa su ne suka rage, kuma har yau masu wannan sana'a suna koyo daga gare su.

Me yake sa mutum ya rushe abin da ya ɓata shekaru yana ginawa? Yawanci kuskuren farko ne yake cim masa. Mai farawa yakan sayi falankin katako mai ƙafa huɗu da takwas, irin wanda kafintoci ke yin silin da kabad da shi, ya zagaya dogo a kai. Sai daga baya ya gane kwanar ta yi tsauri: a HO, kwanar da ta gaza inci 18 daga tsakiyarta zuwa dogo, dogon tarago ba ya shanta sai ya goce. Ko ya so jirgi ya hau gada ya tsallake wani layin, ya yi hawan a gajeren wuri, kan jirgi ya tsaya yana ta murza taya. Hawan da ya dace bai wuce biyu ko uku cikin ɗari ba, kuma don a ɗaga dogo santimita takwas a hawan biyu cikin ɗari, sai an ba shi tafiyar mita huɗu. Ko kuma ya jingina teburin da bango, ranar da tarago ya faɗi a can ƙurya hannu ya kasa kaiwa, ya miƙa jiki ya murƙushe gidaje uku da gwiwar hannu. Wasu kuma sauyin gida ne. Shi ya sa waɗanda suka ga jiya suke gina nasu kashi-kashi, kowane kashi zai iya fita ta ƙofa, a ɗaure su da noti, a kwance idan tafiya ta kama.

Mawaƙin nan na Birtaniya, Rod Stewart, ya yi shekara 23 yana gina wani birni irin na Amurka ta shekarun 1940 a saman gidansa na Los Angeles, har idan ya fita yawon wasa yakan kama ɗaki na daban a otal don ya ci gaba da haɗa benayensa. Da ya koma Ingila da zama, sai da aka kwance birnin aka yi jigilarsa ta teku aka sake tayar da shi. A watan Mayun 2019 kuma wasu matasa suka kutsa cikin wata makaranta a Stamford, inda ƙungiyar masu ƙananan jirage ta Market Deeping ta shirya baje koli, suka farfasa aikin shekaru a dare ɗaya. Ƙungiyar ta nemi taimakon fam 500. Jama'a suka tara sama da fam 100,000, Stewart shi kaɗai ya ba da 10,000, 'yan ƙungiyar suka koma kan teburansu.

Jirgin gaske ma a Arewa an taɓa kwance layinsa aka sake shimfiɗa shi a wani wuri. A 1901 da 1902 Turawa suka shimfiɗa wani siririn layi mai faɗin ƙafa biyu da rabi tsakanin Zungeru da Wushishi har zuwa Barijuko a bakin kogin Kaduna, mil 22, don kai kaya sabuwar hedikwatarsu. Da babban layi ya iso, ƙaramin ya rasa amfani, sai aka tumɓuke shi aka kai kayansa Zariya. Da su aka fara layin da ya hau tsaunukan Jos don ɗauko kuza, wanda ya isa Bukuru a 1914 ya yi aiki har 1957. Ita kanta ƙaramar gadar ƙarfe ta Gwamna Lugard, daga Zungeru aka kwance ta aka sake ɗaure ta a Kaduna.

Ga wanda yake son ya kwaikwayi jirgin ƙasar nan, akwai wata matsala da ya kamata ya sani tun farko. Tsohon dogon Najeriya ƙafa uku da rabi ne faɗinsa, wato milimita 1,067, ba 1,435 na Turai da sabon layin Abuja ba. Idan aka raba 1,067 da 87 za a sami milimita goma sha biyu da ɗan ɗoriya, kuma akwai dogon milimita 12 a kasuwar wannan sana'a, don haka shi ya dace da jirgin Kano zuwa Legas. Mutanen New Zealand da suke da irin faɗinmu wata hanya suka bi, suka ɗauki ma'aunin ɗaya cikin 64 suka ɗora a kan dogon milimita 16.5 da ya fi sauƙin samu. Siririn layin Jos kuwa dogon milimita 9 ne ya yi masa daidai.

Dogo da kan jirgi dole a saye su daga waje, kuma da tsada. Abin da ke gefen dogon ne ba sai an saya ba, ba ma zai sayu ba. Kamfanonin Jamus irin su Faller da Kibri suna sayar da gidaje a kwali, amma gidajen Jamus ne, masu jan rufi da bututun hayaƙi. Babu zaure a cikinsu, babu rumbu, babu danga, babu rumfar mai shayi. Wanda yake son dalar gyada irin wadda aka riƙa tarawa kusa da tashar Kano, ko tsaunukan Zuru da gonakin dawa a gindinsu, da hannunsa zai yi. A nan ne ɗan Kanya ya fi Bajamushe kayan aiki.

Ƙasa dai ga ta nan a ƙofar gida. A ɗebo ja da baƙa da yashin rafi, a tankaɗe da rariya, a soya a tsohon kasko don ta bushe ƙwari su mutu. Sannan a bi ta da maganaɗisu, domin jar ƙasa tana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe, kuma injin ɗan jirgin yana da maganaɗisu a cikinsa, zai zuƙe su ya lalace. Tsauni da ragar waya ake ɗaga shi, a lulluɓe da tsohuwar jarida da aka tsoma cikin filasta irin ta masu silin. Idan ya sha iska a shafa farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa rabi da rabi, a ɗiga sabulun ruwa kaɗan don gam ɗin ya ratsa, a barbaɗa ƙasar a kai. Garin katako da aka rina kore shi ne ciyawa. Igiyar rama da aka warware aka daddatse ita ce jinka. Bishiya kuwa wayoyin cikin tsohon kebul ake murɗawa wuri ɗaya su zama gindi, a raba su sama su zama rassa, a shafe da gam da garin katako. Kuka ta fi kowace sauƙi idan rani aka zaɓa, tunda ba ganye gare ta ba a lokacin.

Zaɓen lokaci ba ƙaramin abu ba ne. Tebur ɗaya ba ya ɗaukar damina da rani tare. Wanda ya yi dawa kore shar ta kai ƙugu, sannan ya dasa gawo cike da ganye a tsakiyar gonar, duk manomin da ya leƙa zai girgiza kai, domin gawo da damina yake zubar da ganye, da rani yake tofowa. Irin wannan sanin ba ya cikin littafin Bature. Haka launin hanya bayan ruwan farko, da yadda ake ɗora rumbu a kan duwatsu don gudun danshi da gara, da inda mata suke shanya a kan fa. Mai kiyaye yin siffar mutum ko dabba saboda addini zai iya barin su gaba ɗaya. Tulu a bakin rijiya da keke jingine da bango sun isa su nuna akwai mutane a garin. Ƙasar Zuru kuma ba baƙuwa ba ce wajen sarrafa yumɓu, tunda matan Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, sun daɗe da shahara da tukwane masu siffofi har gidajen tarihi na ƙasashen waje suna ajiye aikinsu.

Lantarki ba shi ne cikas ba. Yawanci ɗan jirgin bai wuce bolt 12 yake ci ba, ta cikin ƙarfen dogon wutar take bi ta shiga taya, don haka batirin babur da ɗan faranti mai ɗaukar hasken rana sun isa, in an haɗa da abin rage gudu. Abokan gaba su ne ƙura da gara da danshi. Ƙurar hunturu idan ta kwanta a kan dogo sai ta yanke wuta, jirgi ya riƙa tafiya yana tsayawa. Maganinta a rufe teburin da zane duk lokacin da aka tashi, a riƙa goge dogon da tsumma mai laushi, ban da sanfefa, domin tana karce ƙarfen datti ya ƙara samun wurin zama. Katako kuma yakan kumbura da damina ya tsuke da rani, sai a bar ɗan tsaga kamar kaurin kati a mahaɗar dogo, kamar yadda ma'aikatan reluwe suke barin tazara a na gaske saboda zafin rana.

Mutane da yawa idan aka ambaci wannan sana'a sai su tuna Miniatur Wunderland na Hamburg, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001, mai dogo fiye da kilomita 16 da filin jirgin sama da dare da rana na fitila. Abin kallo ne, babu shakka. Amma wanda ya fi dacewa mutumin Kanya ya sani shi ne Roye England. Ɗan Ostireliya ne da ya je Ingila a 1925, ya zauna a wani yankin karkara da ake kira Vale of White Horse, ya ga ana sauke rufin ciyawa daga tsofaffin gidaje ana sauya musu kama. Abin ya dame shi. Sai ya riƙa yawo da awo da littafi da kyamara, yana auna gida bayan gida, ya dawo ya gina shi da kwali a ma'aunin ɗaya cikin 76, yana fenta bulo ɗaya bayan ɗaya. A 1954 ya kafa gidan tarihi na Pendon a ƙauyen Long Wittenham. Ya rasu a 1995 aikin bai ƙare ba, wasu suka ɗora. Da yawa daga gidajen da ya auna sun rushe ko sun sauya, kuma wanda yake son ganin yadda suke a shekarun 1930 sai ya je Pendon, inda jirgi yake ratsa su a hankali.

An yi makamancin wannan a Najeriya, sai dai da cikakken girma. Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan Foland, ya yi shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na ƙasar nan, kuma daga aikinsa aka tayar da gidan tarihin gine-gine na Jos, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya na Babban Gwani. Waɗannan gine-ginen sarakuna ne da manyan birane. Ɗakin talaka da rumbunsa da turken akuyarsa su ma suna tafiya: kwano yana maye gurbin jinka, bulon siminti yana maye gurbin tubali, buhu da shago suna maye gurbin rumbu. Ba laifi ba ne mutum ya so rufin da ba ya yoyo. Amma asara ce a wayi gari jika bai san siffar gidan da aka haifi kakansa ba, alhali tebur ɗaya a kusurwar aji zai iya riƙe unguwa guda.

An aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, kuma shi ma ta Katsina da Jibiya ya bi, nesa da Zuru. Malamin firamare a Kanya ba sai ya jira dogo ba, ba ma sai ya jira jirgin kwali daga Jamus ba. Taragon kara a kan dogon tsinke ya isa farawa. Idan kaka ta yi, ya ɗauki awon tela ya fita da ɗalibansa zuwa gidan da ya fi tsufa a unguwa, su nemi izinin maigida, su auna zaure da ɗakuna da rumbu, su rubuta, su raba kowane awo da 87. Rumbu mai tsawon mita uku zai fito santimita uku da rabi.